Ƙafa, yadi, mil da laba: yadda ake juya su zuwa mita da kilo da ka

Tambaya: Wani matashi daga Rijiyar Lemo ya rubuto cewa mahaifinsa ya ɗora masa kula da ginin wani fili da ya saya. Dillali ya ce filin ƙafa 50 ne a 75, takardar safiyo kuma ta ce murabba'in mita 348. Birkila da inci yake magana, mai tayil da mita, motar gidan kuma daga Amurka aka shigo da ita, mil take ƙirgawa. Yana son dabarar da zai riƙa juya waɗannan awo da ka, ba sai ya zaro waya ana tsakiyar ciniki ba.

Amsa: Ƙanena, Allah ya sa albarka a ginin, ya sa a tare lafiya. Ka fara kwantar wa Baba da hankali, dillali da safiyo bakinsu ɗaya. Ƙafa 50 mita 15.24 ce, ƙafa 75 kuma mita 22.86, ka buga wannan da wancan, 348 ɗin nan za ta fito maka har da 'yar ɗoriya. Aikina ke nan, ƙididdigar kayan gini, kuma tef ɗin da ke aljihuna inci ne a gefe ɗaya, santimita a ɗaya gefen, irin wanda ke hannun kowane kafinta a garin nan. Lissafin ka da kake nema ba shi da wuya. Sai dai zan haɗa maka shi da abin da ya fi shi amfani, wato sanin inda ƙiyasi ya wadatar da inda yake cin kuɗin mutum.

Fama da awo biyu da muke yi gado ne. Inci da ƙafa da yadi da mil da laba da galan, Turawan Ingila ne suka zo mana da su. Da su aka shimfiɗa layin dogon da ya iso Kano a 1911, da su aka yi ta auna gyaɗa da fata. Mita da kilo da lita kuwa daga Faransa suka fito a shekarun 1790, bayan juyin-juya-halin ƙasar. Najeriya ta koma kansu a zamanin Gowon, lokacin da sauye-sauye suka zo a jere: tuƙi ya koma hannun dama a 1972, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a 1973, dokar awo ta biyo baya a 1974. Ofis ya sauya, makaranta ta sauya, gidan mai ya sauya. Amma birkila a wajen maigidansa ya koyi aiki, ba a aji ba, haka tela, haka dillalin fili, kowa ya ci gaba da abin da ya taras. Ga kuma kayan Amurka da ke ta shigo mana, ita kuwa har gobe tana kan tsohon awo.

Lamba ɗaya ce uwar duk awon tsawo: inci ɗaya santimita 2.54 ne cif. Haka Ingila da Amurka da wasu ƙasashe masu magana da Ingilishi suka tsayar a 1959, kuma daga nan ƙafa mai inci 12 ta zama santimita 30.48, yadi mai ƙafa 3 ya zama 91.44. Ba sai ka haddace waɗannan wutsiyoyin ba. A ka, inci santimita biyu da rabi ne, wato inci 4 santimita 10. Ƙafa 10 kuma mita 3. Saboda haka duk ƙafar da aka faɗa maka, ninka ta sau uku ka raba goma: ƙafa 40 ta zama 120, ka yar da sifilin, mita 12 ke nan. In daga mita za ka koma ƙafa, ninka sau uku, sannan ka ƙara ushirin abin da ka samu, wato ɗaya cikin goma. Mita 20 sau uku 60, ushirinta 6, ƙafa 66. Ainihin amsar 65.6 ce, ka ga ba ka yi nisa ba. Wannan ushirin ka riƙe shi da kyau, domin kusan rabin lissafin da ke tafe da shi ake yi, ko a ƙara ko a rage.

Tsayin mutum ma haka. Ƙafa 5 santimita 152 ce, ƙafa 6 kuma 183, duk incin da ya hau sai ka ƙara biyu da rabi. Wanda fom ɗin aikin ɗamara ya nemi mita 1.68 a wajensa, ƙafa 5 da inci 6 ake nufi.

To ga inda gizo ke saƙar. Da ka ce ƙafa santimita 30 ce, ka yafe kusan rabin santimita a kowace ƙafa. A tebur ko ƙofa wannan ba komai ba ne. A ƙafa 100 kuwa ka yafe kusan rabin mita, kuma rabin mita a kan iyaka ya isa ya kai maƙwabta gaban mai unguwa. Gwada da filin Baba ka gani: a lissafin ka mita 15 ne a 22 da rabi, wanda ya ba da murabba'in mita 337 da rabi. Takarda ta ce 348. Murabba'in mita 11 sun ɓace a iska, daidai da ɗaki guda mai ƙafa 10 a 12. Dalili shi ne ɗan kuskuren da ke tsawo da wanda ke faɗi haɗuwa suke yi idan aka buga su. Shi ya sa nake gaya wa duk wanda ya zo mini da maganar fili, ka yi ƙiyasi don ka gane ko ana yi maka wasa da hankali, amma kar ka kafa tubalin iyaka da shi. Ranar da za a fitar da harsashi, ka ari tef mai mita 30, ka auna ɓangarori huɗun da kanka, sannan ka ja shi daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta. Idan filin 50 a 75 ne kuma kusurwoyinsa a miƙe suke, za ka samu ƙafa 90 da 'yan inci biyu, wato kusan mita 27 da rabi, kuma ɗaya tsallaken ma haka zai ba ka. In biyun suka bambanta da yawa, filin a karkace yake, ko da ɓangarorin sun cika. Filayen awon igiya da ake yankawa a bayan gari sun fi yawan wannan matsalar.

Kuskuren da na fi gani a wajen masu ilimi ma, ba jahilai ba, shi ne na murabba'i. Mutum ya san mita ɗaya ƙafa uku ce da ɗoriya, sai ya ɗauka murabba'in mita ma murabba'in ƙafa uku ne da ɗoriya. Ina! Uku da ɗoriya a tsawo, uku da ɗoriya a faɗi, idan ka buga su kusan 11 ne, ainihinsa 10.76. To duk murabba'in ƙafar da ke hannunka, raba shi 11, ka san amsar ta ɗan gaza kaɗan. Fuloti mai 50 a 50 murabba'in mita 232 ne, mai 50 a 100 kuma 465, mai 100 a 100 ya kama 929. Waɗannan ukun da na Baba sun isa ka zauna da kowane dillali.

Mu shiga cikin ginin. Ɗaki mai ƙafa 12 a 12 murabba'in ƙafa 144 ne, a mita kuma 13.4. Mai tayil a Ƙofar Ruwa da murabba'in mita zai sayar maka. In ka zaɓi mai santimita 60 a 60, wanda kwalinsa ke ɗauke da guda huɗu, kowane kwali murabba'in mita 1.44 zai rufe, ka ga kwali tara ba za su kai ba, goma za su rufe, na sha ɗaya kuma na yanka ne da fashewa da zagayen gindin bango. Ga wani abu da sai a wajen aiki ake lura da shi. Masu sa tayil suna kiran wannan tayil ɗin mai ƙafa biyu, alhali ƙafa biyu santimita 61 ce, shi kuwa 60 ne. Ka jera guda shida a bangon ƙafa 12, za ka ga sun tsaya a santimita 360, bango kuma ya kai kusan 366. Ratar da ake bari tsakanin tayil da tayil za ta ci kaɗan, saura ɗan siririn wuri kamar faɗin yatsu biyu a jikin bango, wanda dole a yanko wani tayil a cike. Gwani tun kafin ya kwaɓa siminti yake jera layi ɗaya a busasshe, ya ga inda siririn zai faɗa, ya tura shi bayan ƙofa ko inda gado zai rufe. Wanda ba gwani ba sai ya gama ɗakin ya bar maka shi a bakin shiga.

Bulo ya fi daɗin lissafi da tsohon awo, ni ma da shi nake yi. Tsawonsa inci 18 ne, ƙafa ɗaya da rabi, tsayinsa inci 9, kaurin ne ke bambanta, inci shida ko inci tara. A takardar injiniya za ka ga 150 da 225, milimita ke nan, abu ɗaya ne. Zagayen filin Baba ƙafa 250 ne, ka raba da ɗaya da rabi, kusan bulo 167 a kowane layi, layi goma 1,670 kafin a cire wurin get. In kuma da mita aka ba ka bangon, bulo 10 ake lissafa wa kowane murabba'in mita. Amma ka sa tef a kan bulon da aka kawo, domin ba kowane gidan bulo ne ƙwaryarsa ke cika inci tara ba.

Rodi kuma suna biyu gare shi. Mai milimita 12 shi ne wanda tsofaffin magina ke kira rabin inci, mai 16 shi ne biyar bisa takwas, mai 10 uku bisa takwas, mai 20 uku bisa huɗu. Tsawonsa a ƙa'ida mita 12, ana ce masa ƙafa arba'in, amma ƙafa 39 ne da inci 4. Mai lanƙwasa rodi da ya lissafa zai fitar da guntaye huɗu masu ƙafa 10 daga sanda ɗaya, uku zai samu cikakku, na huɗun ya gaza da kusan inci takwas. A gida mai ginshiƙai da yawa wannan yakan sa a koma kasuwa ana tsakiyar aiki. Katako kuwa, tubaifo da tubaitu, wato mai inci 2 a 4 da mai inci 2 a 2, a suna ne kawai yake inci biyu da huɗu. Na kasuwa sau da yawa bai cika ba.

Rijiyar burtsatse ce wurin da nake so ka buɗe kunne sosai. Idan mai haƙa ya ce zai yi maka ɗari, tambaye shi ɗari na me. Ƙafa 100 mita 30 ce da rabi, mita 100 kuma ƙafa 328, fiye da ninki uku. A rubuta a takardar yarjejeniya da kalma, mita ko ƙafa, kuma ka tsaya ka ƙirga bututun da suka shiga ƙasa, bayan ka auna tsawon guda ɗaya.

In wata rana harkar ta kai ku gona, eka murabba'in mita 4,047 ce, hekta kuma 10,000, wato mita 100 a 100. Hekta ɗaya eka biyu da rabi ke nan, eka biyar hekta biyu. Don ka gani da ido, filin ƙwallo irin na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, wurin da ake buga wasan kawai, ya kai kusan kashi bakwai cikin goma na hekta, eka kuma ta ɗan haura rabinsa. Fuloti mai 50 a 100 guda takwas ne da ɗoriya a eka idan ba a fitar da hanya ba, in an fitar sai su ragu. Abin da ya sa wannan ya shafi manomi shi ne, bayanin taki da maganin feshi da hekta ake rubuta shi. Mai eka ɗaya a Kura ko Kadawa da ya zuba abin da aka rubuta wa hekta, ya zuba ninki biyu da rabi, ga asarar kuɗi ga ƙona shuka. Kashi biyu cikin biyar ne rabonsa.

Yadi da mita su ne suka fi kowa kama da juna, shi ya sa ake saurin shan mutum da su a Kantin Kwari. Yadi ya gaza mita da kusan santimita 9, faɗin tafin hannu. Daga yadi zuwa mita rage ushiri, daga mita zuwa yadi ƙara ushiri. Turmin atamfa mai yadi 6 mita biyar da rabi ne. Mita 10 kusan yadi 11 ne, yadi 10 kuma mita 9 da ɗan kai. To ka ga wanda ya sayi goma ta mita da wanda ya sayi goma ta yadi, akwai kusan yadi guda tsakaninsu, kuma a shadda mai tsada yadi guda ba abin yafewa ba ne. Dogon mutum mai son babbar riga da 'yar ciki da wando, a nan ne tela zai ce masa yadin bai kai ba. Tef ɗin tela inci 60 ne, kusan mita ɗaya da rabi, yadi kuma yana kan lamba 36, mita tana gaba kaɗan da 39.

Sai motar. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne, mil 5 kilomita 8. Hanyar da na fi so ita ce, ka ɗauki adadin mil, ka ƙara rabinsa, ka ƙara ushirinsa. Mil 60, rabinsa 30, ushirinsa 6, kilomita 96. In za ka koma baya, ɗauki rabin kilomitan ka ƙara ushirin kilomitan gaba ɗaya, sai ka san amsar ta ɗan gaza: Kano zuwa Zariya kusan kilomita 140 ne, rabi 70, ushiri 14, mil 84, na gaskiya 87. Mil Tara da ke hanyar Katsina, a awon yau kilomita 14 da rabi ke nan. A agogon gudun motar Amurka manyan lambobin na waje mil ne, ƙananan na ciki su ne kilomita, kuma ido manyan yake fara kamawa. Direban da ya ga allura a kan 80 yana ganin a hankali yake tafiya, alhali kusan 130 yake zubawa. Ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra ga ƙaramar mota ita ce 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. A agogonka ke nan 30 da 50 da 60, su ukun nan ka riƙe. Haka wajen saye: motar da lambar tafiyarta ta nuna 120,000 a mil, kilomita 193,000 ta ci, ba 120,000 ba, sai ka yi ciniki a kan haka. In makanike ya ce ka dawo juye bayan kilomita 5,000, a lambar motarka 3,100 ne. Ba duk motar da ta tsallako daga can ce ke ƙirga mil ba, ta Kanada kilomita take yi, saboda haka duba ƙananan haruffan da ke gefen lambar.

Tayar kanta ta haɗa awon biyu a jikinta. In ka ga 195/65 R15, 195 ɗin faɗinta ne a milimita, 15 ɗin kuma girman rim ne a inci. Iskar da mai faci ke cewa talatin da biyu, a ɗaya awon da wasu motocin Turai ke rubutawa a jikin ƙofa 2.2 ce.

Wani abu a gefe, tunda maganar mil ake. Mil 48 da littattafan fiƙihun Malikiyya suka ambata a nisan da ake yin ƙasaru, ba mil ɗin Bature ba ne, tsohon awon Larabawa ne, tsawonsa daban. Kar ka buga shi da 1.6 ka ce ka gama. Wannan wajen malamai za ka kai shi.

Nauyi ya fi sauƙi. Kilo ɗaya laba 2.2 ne. Daga kilo zuwa laba, ninka biyu ka ƙara ushiri. Daga laba zuwa kilo, raba biyu ka rage ushiri. Jakar kilo 23 da ake yarje wa matafiyi a jirage da yawa, ninki biyu 46, ushiri 4.6, laba 50 da ɗoriya, shi ya sa tikitin Amurka ke cewa 50. Buhun siminti mai kilo 50 laba 110 ne. Jaririn da 'yan'uwa suka bugo waya daga waje suka ce ya zo da laba 7, kilo 3.2 ne, lafiyayyen nauyi. Tan kuma iri uku ne: namu kilo 1,000, tsohon na Ingila 1,016, na Amurka 907 kacal. Tirelar siminti mai tan 30 buhu 600 take ɗauka. Zinare ma yana da nasa tarkon, domin ozar da ake faɗin farashinsa da ita a kasuwar duniya giram 31.1 ce, ba 28.35 ta kayan abinci ba.

Kwano da mudu ba sa shiga wannan lissafin, domin su cika suke aunawa, ba nauyi ba. A Dawanau ana lissafa wa buhun masara mai kilo 100 kwano 40, kwano ya kama kilo biyu da rabi ke nan. Amma kwanon gero da na gyaɗa da na garin kwaki ba nauyinsu ɗaya ba, kuma ka tsaya ka kalli mai awo: wani zai tula har ya tare da hannu, wani zai girgiza, wani gindin kwanon nasa a bubbuge yake ya shige ciki. Idan kuɗin da yawa, a hau sikeli.

Galan ne ya fi kowane awo rikici, domin a garin nan kaɗai kala uku ne. Na Ingila lita 4.55, wanda suka tsayar a 1824 a kan cikar ruwa mai nauyin laba 10. Amurka ta riga ta ɓalle kafin nan, sai ta zauna a kan wani tsohon galan mai lita 3.79. Na ukun shi ne na 'yan cuwa-cuwa a bakin titi, wanda yawanci tsohuwar robar baƙin mai ce mai lita 4 ko 5, kuma cikarta ya danganta da hannun mai zubawa. Garwar kananzir ta da, wadda aka yi ta ɗiban ruwa da ita, galan huɗu ce ta Ingila, lita 18, jarkar da ta gaje ta kuma 25. Gangar ɗanyen mai da ake faɗin farashinta a labarai galan 42 ce ta Amurka, lita 159, ba duro ba ce, shi duro ya kai lita 200 ko ya ɗan haura. Littafin motarku in ya ce tana yin mil 30 a galan, na Amurka yake nufi: kilomita 48 a lita 3.8, wato kusan 12 da rabi a kowace lita, shi ma a hanya mai kyau, ba a cunkoson Kurna ba.

Ga wata kyauta da awon mita ya zo da ita, wadda za ta yi maka amfani ranar ɗora tanki. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 2,000 idan ya cika tan biyu ne, nauyin buhun siminti 40 a kan ƙarfe huɗu. Ka gaya wa mai walda haka da bakinka kafin ya zaɓi ƙarfen. Man fetur bai kai ruwa nauyi ba, litarsa kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ce, man gyaɗa kuma ya ɗan haura kashi tara cikin goma, don haka wannan daidaiton na ruwa ne kaɗai.

Zafi kuma ba a juya shi da ninkawa kawai, saboda sifilin awon biyu ba wuri ɗaya yake ba. Ruwa yana daskarewa a 0 a Salshiyos, a Faranhait kuma a 32. Na hira shi ne ka ninka biyu ka ƙara 30, ko ka cire 30 ka raba biyu. A sanyin hunturu yana faɗawa kusa sosai, digiri 15 ya ba ka 60, na gaskiya 59. Amma yana kaucewa idan zafi ya hau: 40 ɗinmu ta watan Afrilu zai ba ka 110, alhali 104 ce. Masu gashin kek a gida, idan bayanin ya ce 350, su raba biyu kawai, 175 zuwa 180 ne a abin gashinsu.

Kar ka kusanci jikin mutum da wancan lissafin na hira. Lafiyayyen jiki 37 ne, wato 98.6. Zazzaɓi daga 38 yake farawa, wato 100.4, sai 39 ta zama 102.2, 40 kuma 104. Ma'aunin zafi na batir da ake sayarwa a kemis yakan iya nuna kowanne daga cikin biyun, sai a duba harafin da ke gefen lambar, C ne ko F, kafin a tayar da hankalin gida.

Ruɗa laba da kilo ba ƙananan mutane kaɗai yake kamawa ba. A 1983 wani jirgin fasinja na Kanada ya tashi da man da aka lissafa da laba a maimakon kilo, ƙasa da rabin abin da yake buƙata, man ya ƙare masa a sama, matuƙan suka lallaɓa suka sauke shi a wani tsohon filin jirgin soja a garin Gimli, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Irin wannan ruɗanin a gida wajen maganin yara yake faruwa, domin da nauyin yaro a kilo ake yanke masa adadi. Sikelin banɗaki da aka sayo a gwanjo yakan zo a saite a kan laba. Yaro ya hau, ya nuna 33, uwa ta je kemis ta ce kilo 33, alhali kilo 15 ne, sai a ba shi fiye da ninki biyu na abin da jikinsa zai ɗauka. A juya sikelin a duba, akwai ɗan maɓalli a ƙasansa da ke mayar da shi kilo, in kuma ana shakka a auna yaron a asibiti. Cokalin shayi da takardar magani ke nufi mililita 5 ne, babban cokali 15, cokulan kicin ɗinmu kuwa kowanne da girmansa, saboda haka da ɗan kofin da ya zo cikin kwalin ko sirinji mai lamba za a auna.